Masakin Yaya Tabawa

Garba, sauke hannunka daga hanci, ja'iri. Tun da ka dawo daga Kano kake cika mana gida da sunayen abincin Nasara, wai kai kuku. Burodi, bota, biskit, da wata miya da ka ce a gwangwani take zuwa. Madafi ya zama kicin, tuwon dare ya zama dina. Na ji, kuma ban hana ka ba, kowa da inda Allah ya ajiye masa abincinsa. Amma ɗazu da kunnena na ji kana gaya wa ƙanwarka wai daddawa ba sana'a ba ce, a dafa kalwa ne kawai a rufe ta ruɓe. To zauna. Ke ma Ladi, jingine taɓaryar nan ki matso. Yau zan gaya muku abin da ubanku Sule bai taɓa gaya muku ba, don shi ma lokacin bai yi wayo ba.

Ni a hannun Gwaggo Daso na tashi, yayar mahaifina, a nan Birnin Kudu, tun ba a ko jin labarin Nasara. Mu biyu ta riƙa, ni da Yaya Tabawa, wata marainiya daga dangin mijinta wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Gwaggo ba ta koyarwa da baki. In kin yi daidai ta yi shiru, in kin yi kuskure ki ji ludayi a ƙeya. Yaya Tabawa ce mai yi mini bayani a ɓoye, in mun fita ɗebo ruwa.

Aikin daga gindin ɗorawa yake farawa, da bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Ba mai taɓa itacen sai mai gari ya sa an yi shela. Ranar da aka yi, mu ɗauki maƙata da kwanduna mu fita, mu wuni kai a sama har wuya ya ƙage. A gida a ɓare, ɓawon a ajiye wa masu daɓe su yi makuba, garin nan rawaya a dama wa yara, ƙwayar kuma a wanke a shanya. Ita ce kalwa. Ka taɓa gwada ta da haƙori? Tsakuwa ce. Shi ya sa take shekara da shekaru a cikin randa ba abin da ya same ta.

Dahuwar farko ita ke raba mai sana'a da mai sha'awa. Tukunyar ƙasa babba, itacen ƙirya, wuni da kwana wuta ba ta mutu ba, ruwa na ƙonewa kina ƙarawa. Sai kin matsa ƙwaya tsakanin yatsu baƙar rigarta ta zame, sannan ki sauke. Daga nan turmi, da toka da ɗan yashi. Ba daka ake yi ba, surfe ne da lallami, a tuɓe ɓawo ba a farfasa ƙwaya ba. Ranar da na fara, na zage ƙarfi na mai da rabin turmi gari. Gwaggo ta leƙa ta ce, "Hansai, fura na sa ki?" Ban ƙara ba.

Sai rafi. A shiga ruwa da kwando har gwiwa, a yi ta cuɗawa ɓawo na tasowa yana bin ruwa, a zauna a tsince masu taurin kai ɗaya bayan ɗaya, don ƙwaya guda da ba ta nuna ba sai mai cin tuwo ya tauna ta ya zage ki har uwarki. A dawo a sake ɗorawa a wuta da ɗan kanwa. Duk wannan wahala ce, amma jaki ma in an nuna masa zai yi. Sana'ar tana cikin masaki.

Ga shi can a rataye, wanda kake toshe wa hanci. Dube shi da kyau. Cikinsa baƙi ƙirin, yana maiƙo, an ɗinke bakinsa wuri biyu. Da zafinta ake juye kalwa a ciki, a barbaɗa ɗan gari, a rufe da ganyen kalgo, a kife faifai, a lulluɓe da tsummoki, a kai lungun ɗaki inda iska ba ta ratsawa. Ba a buɗewa a leƙa. Sai dai ki ɗora tafin hannu a kan tsumman. In kin ji ɗumi kamar jikin yaro mai barci, ta kama. In ta nuna, kina ɗaga faifai warin zai soki idonki har ƙwalla ta fito, ki ɗebo ki ga yauƙi yana bin yatsunki. Sannan a kirɓa, a mulmula, a fyaɗa, a shanya.

Wannan baƙin da ke jikin masaki shi ke sa ta kama. Ba a kankare shi, ba a sa masa toka, ba a zuba masa tafasasshen ruwa. A goge da ganye kawai a kife. Sabon masaki bai iya komai ba, sai ya lalata miki kalwa sau da yawa, wata ta yi tsami, wata ta yi funfuna, kafin ya koya. Gwaggo tana da guda biyu, ɗaya na uwarta, ɗaya wanda ita ta horar da hannunta. Ranar da za a kai Yaya Tabawa gidan miji a Gwaram, ta ɗauko na biyun ta ɗora mata a ka, ta ce a gabana, "Ba a aronsa, ba a sayar da shi. Masakin da ke yawo tsakanin hannu biyu lalacewa yake. In kin ba da, kin ba da har abada, ki san wadda za ki ba." Na zaci faɗan tsofaffi ne kawai.

Masu saye kuwa iri-iri ne. Matan gidan malamai su aiko a kai musu har ɗaki, su juya ta gaba da baya kamar masu zaɓen zane. Fulani su kawo nono da man shanu mu yi musaya. Fatake su kwashi mai yawa, don ita ba ta lalacewa a hanya, kuma da ita da barkono da gishiri ko a tsakiyar daji an yi miya. Akwai wani tsoho mai jakuna da in ya zo sai ya gutsura ya sa a harshe ya lumshe ido, ya ce, "Ta Daso ce." Ko an haɗa da ta wasu sai ya ware. Da wannan sana'a Gwaggo ta aurar da mu, kuma da yake ni a cikin gari aka yi aurena, kullum ina gidanta muna aiki.

Sai shekarar fara ta zo. Gero ya yi kai, ana murna, suka sauko da rana tsaka suka rufe sama. Kafin la'asar gonaki sun zama kara tsirara. Ga kuma mahara daga duwatsun kudu, masu kama mutane a gona da bakin rafi, har ya zama ba mai nisa da ganuwa sai da rakiya. Da bazara ta zagayo ba wanda ya jira shelar mai gari. Ɗorawa tun tana ɗanya aka tsige ta aka cinye. Sauran masu daddawa na garin suka dafa kalwarsu suka ci gaya, ban kuma ga laifinsu ba. Gwaggo kaɗai ta hana a taɓa randarta. Ta ce, "Kalwar nan in an ci, ta wuni ɗaya ce. In ta zama daddawa, ita za ta tura ganye cikin mutane har kaka."

Gaskiyarta. Ku ba ku san cin ganye ba, Allah kada ya nuna muku. Tafasa, yaɗiya, gasaya mai ɗaci, a dafa da ɗan dusa, ba mai, ba gishirin kirki. Babba ya runtse ido ya haɗiye. Yaro ba ya yi. Amma a marmasa daddawa kamar ƙwayar gyaɗa a ciki, sai hanci ya yaudari maƙogwaro, ya ɗauka miya ce, ya buɗe. Mutane suka riƙa zuwa da tafin dusa ko na tsaba suna karɓar ɗan gutsure. Da haka gidanmu ya tsaya, don kakanku ya bi ayari gabas neman hatsi, ya bar ni da goyo. Goyon shi ne Sule. Nonona ya ƙafe, na yaye shi ba don lokaci ya yi ba.

Farkon damina Gwaggo ta kwanta, ba ta tashi ba. Allah ya jiƙanta. Dangi mata suka zo zaman makoki daga ƙauyuka, kuma kun san al'ada, kafin a raba gado sai an fito da kayan mamaciya an wanke an jera. Ina ɗaki ina karɓar gaisuwa, su suna tsakar gida suna aiki. Da na fito, wata 'yar uwarmu, mace mai tsabta, matar wani malami, ta taro ni da fara'a tana riƙe da wani abu fari sol. Ta ce, "Hansai, kin ga wannan? Sai da na sa wuƙa da yashi da toka kafin ya fita. Allah Sarki Gwaggo, tsufa ya hana ta kula da kayanta."

Masakin uwar Gwaggo ne. Na zauna a ƙasa daɓas. Ban zage ta ba, me zan ce? Girmama mamaciya ta yi iya saninta. Amma wallahi kukan da na yi ranar ya fi na ranar da aka fita da gawa.

Na ce bari in gwada, ko Allah zai sa. Kalwar da ta rage dahuwa biyu ce. Na raba, na yi wa rabin farko duk abin da aka koya mini, ban tsallake komai ba. Na juye a farin masakin na rufe. Kullum in ɗora hannu, sanyi ƙalau. Da na buɗe, tsami ya buge ni, ga funfuna ta yi mata gashi. Ko akuya ba ta ci ba.

A kwanakin nan guntun daddawar Gwaggo ya ƙare. Na dafa ganye da dusa na sa wa Sule a baki, ya tofar. Na matse masa hanci na ɗura, ya amayar. Daga nan ya datse haƙora, ko kuka ya daina yi, sai ido. Wuyansa ya zama kamar sillen kara, gashinsa ya yi ja. Na zaga gari gida-gida, ba mai ko ƙwalli. Ga sauran kalwa dahuwa ɗaya tak a randa, in na sake zubawa a masakin nan ta lalace, shi ke nan, na san inda yaron zai nufa. Masaki mai rai guda ɗaya ya rage a duniya wanda na sani, yana Gwaram.

Ban ɗauki kalwar ba. A shekarar nan wanda ya ɗora abin ci a ka ya kama hanya, ba zai kai ba, ko mahara ba su tare shi ba mayunwata za su tare shi. Na turbuɗe randar a ƙarƙashin gado, na goya Sule, na bi wasu masu zuwa cin kasuwar Sara. Na kwana can gidan wata tsohuwa, da safe na bi wasu zuwa Gwaram. Duk tafiyar ina kai hannu baya ina taɓa ƙafarsa in ji ko da ɗumi.

Na sami Yaya Tabawa a ƙofar ɗakinta, ƙafa a miƙe ta kumbura sumtum, kurkunu ya fito mata a idon sawu, an naɗe shi a tsinke. Mijinta ya rasu, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya zauna. Ita ma ba ta da kalwa. Gurguzu take samu, 'ya'yan yakuwa, tana yin 'yar daddawa da shi a masakinta, maƙwabta na ba ta dusa. Abin da take ci ke nan, ba wani.

Muka yi gaisuwar rasuwa, muka yi kuka. Na gaya mata abin da ya sami masakin Gwaggo, ta dafe kai ta yi salati. Sai ta ce, "Kwanto yaron in gani."

Na kwanto shi. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ja jiki ta jawo masakin, ta sa yatsa ta lakato abin da ya maƙale a gefe, ta shafa masa a leɓe. Garba, ubanka da ya ƙi buɗe baki ga uwarsa, sai ga harshe ya fito. Ya lasa. Ya kama yatsan da hannu biyu yana tsotsa. Ta sa na dama ɗan dusarta da ganye, ta marmasa gutsure a ciki, ya ci har yana miƙo wuya.

Na ce, "Yaya, aro na zo. In na yi dahuwa ɗaya zan dawo miki da shi da ƙafata."

Ta harare ni. "A gabanki aka faɗa, ko kin manta?"

"Ban manta ba. Amma Gwaggo ba ta ga irin wannan shekara ba."

"Ta ga wadda ta fi ta, ke ce ba ki gani ba. Ba a aro."

Na ce to ta taso mu tafi tare, in ya so in nemi jaki. Ta nuna ƙafarta ta yi 'yar dariya, ta ce wa zai ba da jaki a wannan marra, kuma ko an samu, tsutsar nan in ta tsinke a hanya ƙafar ta tafi. Na ce to zan koma in ɗauko kalwar in zo nan mu yi. Ta ce, "Ki ratsa hanyar nan da abinci a ka? Ki bar yaro maraya?" Na sunkuyar da kai.

Sai ta goge cikin masakin da ganye, a hankali, yadda aka koya mana. Ta ƙulle 'yar daddawar gurguzun da ta rage a tsumma ta jefa ciki, ta ce ta Sule ce a hanya. Ta ce, "Durƙusa." Na durƙusa. Ta ɗora mini shi a ka da hannunta biyu.

Na ce, "Yaya, ke me za ki ci?"

Ta ce, "Ni babba ce, na iya runtse ido in haɗiye. Na ba ki, Hansai, ba aro ba. Tashi, rana na yi."

Na san abin da na karɓa, ita ma ta san abin da ta bayar. Ba wadda ta yaudari wata. Na yi mata alkawarin da kaka zan zo in ɗauke ta ta dawo Birnin Kudu mu zauna tare, ta ce Allah ya kai mu. A hanya wasu mutane masu sanduna suka tare mu, ɗaya ya sauke masakin ya leƙa, wari ya buge shi, ya tura mini abina yana tsaki. Ƙullin daddawar kuwa tuni na ɓoye shi cikin zanena.

Dahuwar nan ta ƙarshe ban taɓa yin aiki da tsoro irin nata ba. Itace babu, sai da na cire dirkar rumfar Gwaggo na hura. Na surfa kamar mai taɓa ƙwai. A rafi na tsince ƙwaya ɗai-ɗai, ko guda ban bari ruwa ya tafi da ita ba. Na juye da zafinta, na yi bisimilla, na rufe. Washegari na ɗora hannu, ban ji komai ba. Na fita na dawo, na fita na dawo. Da hantsi na wata rana na sake ɗorawa, sai na ji ɗumi yana ratso tsumma. Na zauna a wurin na yi ta hamdala. Ranar da na buɗe, warin ya fita har waje, maƙwabta suka fara sallama da 'yan ƙoƙunansu.

Da ita Sule ya ci ganye har gero ya nuna. Ba shi kaɗai ba, yaran unguwar nan da yawa da kuke kira baba yanzu, da ita suka haɗiyi tafasa. Na ƙulla wani kaso na ba wasu masu tafiya Gwaram su kai wa Yaya Tabawa. Har yau ban san ko ya isa ba.

Da aka yi girbi kakanku ya dawo, ya samo jaki, muka tafi ɗauko ta. Muka tarar da ɗakin an ja masa asabari an tokare da dutse. Maƙwabciyarta ta ce ta rasu tun gero na fitar da kai, saura ƙiris a fara tumu. Ta ce ciwon ƙafa ne. Na ce to. Ciwon ƙafa da na sani ba ya kisa haka, amma ban yi musu ba, rai na Allah ne. Ta nuna mini wani sabon ƙoƙo a bayan ɗaki, da gurguzu a ciki ya bushe da funfuna. Ashe ta gwada horar da wani.

Tun daga ranar, duk dahuwar da na sauke, curin farko ba na sayarwa ba ne. Kin sha ganin ina miƙa wa mabarata, Ladi, kina tambaya ina cewa sadaka ce. To ga mai ita.

Saboda haka, Garba, ka je ka yi ta dafa wa Nasara dinarsu, Allah ya ba da sa'a, ka kira kowane abinci da sunan da ka ga dama. Amma kada ka ƙara toshe hanci a gaban masakin nan. Ba don warinsa ba, da babu Sule, da babu kai.

Ladi, sauko mini da shi. A hankali, ta gindi ake riƙewa. Idona ya daina ganin ƙwayar da ba ta nuna ba, jiya ke kika tsince bayana, na gani, ban yi magana ba ne. Ba a kankarewa, ba a sa toka, ba a aro, ba a sayarwa. In na mutu mata suka zo wanke kaya, ki ɗauke shi ki kai ɗakinki tun kafin a ɗora ruwa. Kai, bari ma, ba sai na mutu ba.

Durƙusa.